Kawu Baballe Oke da 'Yar Iya

Kawu Baballe wan mahaifiyata ne. A ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ba mai kiran sunansa bai ƙara masa da "Oke" ba. Wannan kalma ita kaɗai ce Turancinsa. Ya tsince ta tun yana saurayi, lokacin da ake haƙa kanal na ban ruwa, a bakin wani Bature da ya yi wa aikin lebura. Bature ya koma garinsu, aka bar wa Kawu buɗe ƙofar ruwan ɓangarenmu, kalmar kuma ta zauna a bakinsa.

Ni da nake kai masa abinci na san oke ɗinsa iri-iri ne. In ya murɗa ƙarfen ƙofa ruwa ya gangara gonakin tumatir, sai ya ja ta da tsawo, manoma su ruga da fatanya. In wani ya dame shi da roƙon ruwa ba ranarsa ba, sai ya datse ta gajeriya, wato tashi ka ba ni wuri. Da ita yake tsayar da jakinsa, da ita yake yaba tuwo. Mahaifiyata ta ce ranar da aka binne matarsa Talatu, ya dawo daga maƙabarta ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya faɗe ta a hankali, ya ja ƙyaure. Tun daga ranar ba a sake buɗe ɗakin ba.

Abokin tsokanarsa ɗaya ne, Muhammadu Sani, mai gonar da ke dab da ƙofar ruwa.

"Baturen Bunkure, yaushe za a zo a mayar da kai Ingila?"

"Ranar da ka daina toshe wa maƙwabcinka ruwa, ɓarawon kwalbati."

In magariba ta yi Muhammadu Sani ya koma cikin iyalinsa. Kawu kuwa ya koma gidan da ba kowa sai jaki.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Yaya Zuliha, ita ce ta fari ita ce auta. Kawu mutumin da ne, ya riƙe kunyar 'yar fari yadda ya tarar. Ana yaye ta aka miƙa wa Iya, kakarmu. Bai taɓa ɗaukarta ba, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "'yar Iya". Ta girma, ta auri wani dillalin tumatir, ya tafi da ita Legas.

A 2005 yayana Badamasi ya sayi salula. Ba ta kama sabis sai a kan gaɓar kanal, saboda haka duk Juma'a da la'asar ni nake ɗaukarta zuwa wurin Kawu, don lokacin Yaya Zuliha take kira. Tun azahar yake sanya rigarsa ta sallah. Amma in na miƙa masa, sai ya riƙe ta nesa da kunne, ya kau da kai.

"Baba, ina wuni? Ya jikin?"

"Oke."

"Yara suna gaishe ka."

"Oke."

Ba ya iya ce mata komai da Hausa. Wannan baƙuwar kalma ce kawai kunya ba ta hana shi ba. In an kashe wayar sai ya tsare ni da tambaya: muryarta kamar mai mura ko? Ta ce yaron ya fara tafiya?

Ranin 2007 ciwo ya kama shi. Cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka tashi, har murɗa ƙarfen ya gagare shi, Muhammadu Sani ne yake murɗa masa. Wata Juma'a Yaya Zuliha ta ce, "Baba, bana ma ba zan samu zuwa ba, sai dai baɗi in Allah ya kai mu."

A hankali ya ce, "Oke."

Na gane wannan. Ita ce wadda mahaifiyata ta ji a ƙofar ɗakin Talatu. Ban san lokacin da na fizge wayar ba.

"Yaya Zuliha, ki taho. Kawu ba shi da lafiya, kuma ba zai taɓa faɗa miki ba."

Ya dube ni kamar zai mare ni. "Wa ya aike ki, marar kunya?"

Ya daina amsa gaisuwata. Amma da na kai tuwo washegari, na tarar ɗakin Talatu a buɗe, ya share shi da kansa, ya shanya tabarma.

Yaya Zuliha ta zo a gaban motar tumatir da ta dawo ba kaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuwa ya juya fuska wajen katanga.

"Fa'iza," ya ce da ni, "tambayi baƙuwarku ko hanya ta yi kyau."

Yaya Zuliha ta yi dariya da hawaye. "Ki ce masa lafiya lau."

Haka suka yi zamansu, ina tsakiya ina kai magana ina kawowa, alhali tabarma ɗaya ce tsakaninsu. Ta dama masa kunu, ta wanke masa tufafi. Ya ci abinci fiye da yadda ya ci duk ranin.

Ranar komawa ya sa aka cika mata kwando da albasar gonarsa. Ya dogara sanda har bakin kanal, inda motar take jira.

"Baba, zan tafi. Ka yafe mini."

Idonsa yana kan ruwa. "Oke," ya ce.

Muka tsaya har motar ta ɓace a bayan gonakin alkama. Sai ya ce, "Fa'iza, ta yi kama da uwarta kuwa?"

"Kawu, ai a gabanka ta zauna."

"Ban duba ba."

Na ce masa ta yi, har wushiryar. Ya gyaɗa kai, ya sa na sake faɗa.

Da damina ta sauka Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙan Kawu Baballe.