Ranar da aka ɗebi jinina aka bar nashi

Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗi. In na tsaya kuka, ta aje alƙalami ta jira ni.

Shekara biyu kafin maigidana ya rasu, mai shela ya zagaya Malanville yana cewa likitoci sun zo da wani awon jini kyauta, mai gane ciwon daji tun bai kwantar da mutum ba. Ni tsoron allura nake. Shi Malam, maigidan nawa, ne ya matsa mu tafi, har ya bar komarsa ta kamun kifi rataye, ranar bai shiga gulbi ba.

A bakin ƙofa wata likita ke karɓar katin ɗan ƙasa. Na miƙa nawa. Ta dubi Malam.

"Baba, ina naka?"

"Ɗiyata, cikin jirgi aka haife ni, tsakiyar gulbi. Na Gaya, ƙetaren iyaka, sun ce ni na nan ne, na nan sun ce ni na Gaya ne."

Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma ta ce ba ta da iko, kwalabe ƙidayayyu ne, kowace sai da lambar kati. Na ce to a ba shi wurina. Ta ce sunana ke jikin katin.

Na juya zan tafi gida. Ya tare ni.

"Tsohuwa, wayo za ki yi mani? Allura kike gudu, kin samu dalili."

Ya zagaya ta taga, ya miƙo hannu na riƙe, har aka gama. Ya ce na kusa karya mashi yatsu.

Da sakamako ya fito ba komai, ya kawo giwan ruwa guda bai kai kasuwa ba, muka ci da maƙwabta. Ya je meri, ofishin magajin gari, sau biyu neman takardar haihuwa. Aka ce ya zo da shaidun da suka ga haihuwarsa, su kuwa duk sun rasu.

Daga baya cikinsa ya fara kumburi. A asibitin Parakou suka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Na tambayi likitan ko awon nan zai iya ganewa da wuri. Ya ce wataƙila.

Wannan wataƙilar nake kwana da ita. Malam bai taɓa tada zancen ba. Ana jibi zai rasu ya ce mani, "Gara da ke aka auna. In ba ke ba, wa zan bari da yaran?"

Allah ya jiƙan shi.