Ranar da Gangunan Ɗana Suka Yi Tsit

Akwai ranar da ko na tsufa tukuf ba za ta fita daga raina ba: ranar gasar kiɗa ta 'yan sakandare a nan Potiskum.

Ɗana na fari ne ya ga kiɗan Japan a waya. Mutane a jere, ƙafafu a ware, suna dukan manyan ganguna da sanduna masu kauri, hannu na tashi tare, yana sauka tare. Ya tara abokansa na unguwar Yindiski suka fara koyo a kan tsofaffin tayoyi, daga baya suka ɗaure fatar shanu a bakin duro. Babansa bai so ba ko kaɗan. "Gidanmu ba a yi maroƙi ba," ya ce. Na yi ta lallashi har ya yarda zai je kallon gasar, amma da sharaɗi: in yaron ya sa aka yi masa dariya a gaban mutane, to yaron da ganga har abada.

Ranar gasar, masu kalangu suka yi nasu, aka yi ta shewa. Da aka kira namu, wani a baya ya ɗaga murya: "Masu gini ne aka kawo da duro?" Na sunkuyar da kai. Suka rusuna, suka fara. Wallahi a ƙirjina nake jin dukan, ba a kunne ba.

Ana tsakiyar daɗi, sai suka tsaya cak, sanduna a sama. Tsit. To mu nan, makaɗi ba ya shiru a tsakiyar kiɗa sai in ya ruɗe ko fata ta fashe. Wuri ya ɗauka: "Sun manta! Sun manta!" Maigida ya miƙe zai fita, yana kakkaɓe babbar riga. Ni ma ban san shirun yana cikin kiɗan ba, amma na ga idon yaron bai yi rawa ba. Na riƙe gefen rigar, abin da ban taɓa yi a cikin jama'a ba. Na ce, "Malam, don Allah ɗan dakata."

Yaron ya saki wata ƙara, sandunan suka sauko lokaci guda kamar aradu. Masu dariya suka zabura, har wata ta zubar da zoɓonta. Ni da ko sunansa ba na faɗa saboda kunyar ɗan fari, sai ji na yi guɗa ta kuɓuce mini.

Su aka ba na ɗaya. Maigida ya taɓa na kusa da shi, ya ce, "Ka ga na tsakiyan nan? Nawa ne."

Tun ranar na koyi cewa in yaro ya yi shiru a kan abin da ya sa gaba, kada babba ya yi saurin tashi. A ɗan jira shi, wataƙila bai gama ba.