Mahaucin da Jinin Talabijin Ya Firgita

A layin mahauta kowa Sannu-Sannu yake ce masa, don ko gobara ake yi ba ya sauri. Tun yana yaro yake sana'ar, kuma yana da dokokinsa da ya gada daga ubansa: ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, ba ya yanka ta sai ta sha ruwa, ba ya yanka wata a kan idon 'yar'uwarta. Abokan aiki suna masa tsiya, wai yana lallashin akuya kamar jinjiri. Shi dai ko a jikinsa.

To, wannan bawan Allah da ya tsufa cikin jini, wai jinin talabijin ne ya hana shi sukuni!

Ƙanin matarsa ne ya kawo wa Auta, ɗansa na ƙarshe, na'urar gem, irin wadda ake haɗawa da talabijin a yi wasa. Wata rana Sannu-Sannu ya dawo gida ya tarar da yaron a falo, ido zuru a kan talabijin, yana ihu: "Na fasa masa kai!" Har da dariya. Ba karatu ya dami uban ba, ba kuɗin wuta ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce tausayi ya fita daga zuciyar ɗansa.

Ya kai maganar shagon mai aski, wanda ba a rasa shi da ra'ayi. Mai aski ya ce, "Fasa na'urar kawai! Waɗannan abubuwan su ke mayar da yara 'yan ta'adda." Wani tela da ke jiran layi ya ce, "Haba dai! Mu da muka yi wasan bindigar katako, wa muka kashe?" Aka yi ta musu har aka gama askin, ba wanda ya kayar da wani.

A gida matarsa ta ƙara masa da nata. "Kai da kake yanka kullum, zuciyarka ta bushe ne?"

Maganar kuwa ta ba shi haushi. Ranar da babu makaranta sai ya ce, "Auta, sa takalminka, yau kai ne abokin tafiyata."

A mayanka bai faɗa wa yaron ko doka ɗaya ba. Ya ba shi igiyar akuyoyi biyu ya riƙe, ya koma bayan katanga yana wasa wuƙa. Ya shayar da ta farkon, ya ja ta. Da gangan ya bar ta biyun a inda take iya hangowa, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Ya kwantar da akuyar ke nan sai ya ji muryar Auta: "Baba, tsaya! Wannan tana kallo."

Ya waiwaya. Yaron ya cire rigarsa ya rufe wa ɗayar ido, ya rungume wuyanta, hawaye shaɓe-shaɓe. Jarumin da ke fasa kawuna a falo ke nan!

Sannu-Sannu ya ajiye wuƙar. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, mahauta suka yi ta masa dariya, shi kuwa bai kula ba. "Kai ta bayan katanga, ɗana," ya ce.

Bai fasa na'urar ba, bai kuma sake wa yaron ba. Ya ce ba wasa sai an gama aikin makaranta, kuma a falo, inda kowa ke gani. Wasanni biyu da suka fi muni ya mayar wa ƙanin matarsa, ya ce ya je ya yi ta fama da su. Mai aski har yau yana cewa an yi sake.

Yanzu wani lokaci shi ma yakan zauna ya karɓi abin latsa gem ɗin, sojansa na ta karo da bango. Rannan abokin gaba ya tsaya ƙiri-ƙiri a gabansa, Auta na tsalle: "Baba, harba mana!"

Sannu-Sannu ya kalli talabijin ya girgiza kai. "Bari tukuna," ya ce, "bai sha ruwa ba."