Mai Keken Layinmu

Shekarun baya, bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, hukuma ta sako ɗan maƙwabcinmu a Sabon Layi. Kowa ya san ya bi 'yan daji lokacin da suka shigo gari. Wasu sun ce tilasta masa aka yi, wasu kuma sun rantse sun gan shi da bindiga a bakin kasuwa. An tsare shi, aka kai shi wurin gyaran hali, sai ga shi ya dawo har da 'yar ƙiba. Kawunsa ya ba shi keke napep yana ja.

Abin bai kwanta mini ba. Na tashi a zamanin soja, lokacin da ake ɗaure ɗan fashi a jikin ganga a harbe shi jama'a na kallo. A sanina, mai irin wannan laifin ba ya sake dawowa unguwa.

Wata rana matata ta gaya mini shi ne yake kai 'yarmu makaranta a Lamorde, tunda an hana mashin, sauran masu keke kuma ba sa shigowa layinmu da safe. Ban yi faɗa ba. Washegari na tare wani keken, na ce wa direban ya bi bayansa. Na ja hula har gira, wai ni nan jami'in sirri, ga tumbi ya cika kujera. Haka na yi ta yi, ina lura da inda yake tsayawa da waɗanda yake gaisawa da su. Ko waya ya ɗaga sai gabana ya faɗi.

Rannan da ya sauke 'yarmu da sauran yara, sai ya tako har inda muka raɓe.

"Yaya, tun ranar farko nake ganinka ta madubi," in ji shi. "Gobe ka shigo nawa ka zauna kusa da ni, za ka fi ganin hannuna."

Kunya ta kama ni, amma na daure na tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum. Ya kalli ƙofar makarantar, ya ce:

"Na amsa wa hukuma wannan tambayar. Kai in na ce a'a ba za ka yarda ba, in na ce e ba za ka iya barci ba."

Na shiga kekensa na wani lokaci, har na gaji na bari. Shi ya ci gaba da kai yarinyar, ta kuma gama makarantar lafiya.

An ce yanzu manufar hukunci gyara ce, ba ramuwa ba, kuma na ga alamar haka da idona. Sai dai waɗanda suka yanke a sake shi ba a layinmu suke kwana ba. Har yau muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya. Amma duk sanda ya tsaya kusa da ni sai na saci kallon ƙasan rigarsa ko ya ɓoye makami, shi ma ya san ina dubawa.