Sunan da ke ƙarƙashin fiffike

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu mai gyaran rediyo a unguwar Birni, Allah Ya haskaka kabarinsa. Da yawa a Damagaram ba da rediyo suka san shi ba. Sun san shi da ƙananan jiragen sama da yake ƙerawa da farin soson kwalin firji, ya sa musu ɗan inji da pil, wato batir, ran Lahadi ya fita fili ta hanyar Gaffati ya tayar da su da telekomandi, abin sarrafa su daga nesa.

Yana da wata al'ada. Duk jirgin da ya gama, kafin ya tashi ko sau ɗaya, sai ya kifa shi ya rubuta da alƙalamin bik a ƙarƙashin fiffike: sunansa, unguwarmu, da ƙofar da za a tambaya. Da boko da ajami, don manoma sun fi gane ajamin. Jirgi kan ɓace a cikin gero, bayan kwana biyu sai ga mutum a kan amalanke ya kawo shi, ni kuma in dama masa fura. Na sha tsokanarsa, "Malam, ko 'ya'yanka ba ka yi wa wannan shaida ba." Sai ya ce, "Maman Rabi, su ai sun san hanyar gida."

Sai zamani ya juya, aka shiga tsoron duk abin da ke shawagi a sama. Ban ga laifin mai tsoro ba, kowa ya san halin da ƙasa ke ciki. Wata damina jirgi ya faɗa gonar wani dattijo da ya taɓa shan furata har sau biyu. Wannan karon bai nufo gidanmu ba, hukuma ya kai wa. Ba su sha wahalar bincike ba, tunda Malam ya rubuta musu hanya da hannunsa. Ina tankaɗe masu kaki suka yi sallama. Suna kwashe jiragen Malam yana nuna musu rubutun yana cewa, "Ranka ya daɗe, mai mugun nufi yana sa sunansa?" Babbansu ya ce, "Kawo takardar izini ka karɓi kayanka."

Shekara biyu yana neman takardar nan. Wannan biro, wato ofis, ya ce ba aikinsa ba ne, wancan ya ce a aika takardun dosiyensa Yamai, babu wanda ya san inda za a sa jirgin soso. Rashin jiragen bai ci masa rai kamar kallon da aka koma yi masa ba. Masu kawo gyara suka janye, har a sahun masallaci ya fara ganin ana barin tazara a gefensa. Bai taɓa faɗa mini ba, maƙwabciya ce ta faɗa.

Kwanan baya Rabi, 'yarmu da ke jami'a, take ba ni labari wai a wasu ƙasashe doka ta ce a liƙa wa irin waɗannan jirage wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, tana shelar lambar jirgin da inda mai shi yake tsaye. Wanda ya sa ta, ya yi wasansa babu mai taɓa shi. Abin da ake sayen na'ura dominsa, Malam da bik ya yi shi, kuma shi ya kawo masu kaki ƙofarsa. Da yana raye na san turnabis, abin kwance noti, zai fara nema ya buɗe ta ya ga cikinta. Ko zai yi dariya bayan nan, ban sani ba.

Bayan na fita takaba na sami wani jirgi a ɓoye saman rumfar shagonsa. Ya gama shi tsaf. Na kifa shi, fiffiken fari fat, babu ko ɗigon tawada. Mutumin da bai taɓa ɓoye sunansa ba, sai da aka koya masa. Wannan ne har yau ban iya yafewa ba, ina roƙon Allah Ya ba ni iko.

Jiya na sauko da shi, na ari bik ɗin Rabi na rubuta: Isufu mai rediyo, Birni. Ajamina bai kai nasa kyau ba, amma ana karantawa. Ƙofar ma tana nan inda take.