Likitan da Ya Iya Cewa Ba Za Ka Tashi Ba

Ranar sha uku ga Oktoba, ina tsaka da kwaɓa gari a gidan burodi, aka zo mini da labarin ka rasu, Baba Zotikus. Shekara talatin kana likitan gidan Kaniniyus a nan Rum, kuma bawa ka shiga gidan, bawa aka fitar da gawarka.

Mutane za su tuna ƙahon tagullarka, da zumar da kake shafa wa gyambo, da kabejin da kake ɗura wa kowa har muna ce maka Sarkin Kabeji a bayan idonka. Ni ƙaryarka nake tunawa.

Kowa ya san bawan da ciwo ya ci ƙarfinsa, tsibirin tsakiyar kogin Tiba ake kai shi, a yar a ƙofar ɗakin allan waraka, don kada ya ci abincin banza. Kowa kuma ya san doka: wanda aka yar can, in ya tashi, ya zama ɗa, ya fita daga bauta. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ka taɓa jijiyar hannuna, ka dubi maigida ka ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba zai ga sabon wata ba. Kada ya shafa wa sauran.” Na tsine maka a zuciyata har aka sa ni a amalanke. Sai ka sunkuyo kamar mai gyara mini mayafi, ka cusa mini ƙullin magani, ka ce, “Sau uku a yini, sakarai. In ka mutu ka ba ni kunya.”

Mu bakwai ka fitar ta wannan hanya. Kai kuwa ƙafar maigida mai kumburi ta ɗaure ka. Duk shekara sai ya ce zai 'yanta ka in ta warke, alhali kai ka fi kowa sanin irin ciwon nan ba ya warkewa. Da tari ya kama ka, mun yi ta roƙon alloli a yar da kai. Ina! Likitoci biyu maigida ya ɗauko maka, ya sa aka tsare ƙofa. Wannan gatan ya ƙona mini rai fiye da duk bulalar da na sha a gidan.

Da na samu na leƙo ka, ba ka yi maganar kanka ba. Ka ce, “Ƙanwarka Helfis ce ta gaba. Bari sanyi ya shigo, ƙirjinta ya motsa.” Sanyi ya shigo, Baba, kai ka tafi.

Ƙasa ta yi maka sauƙi. Allolin lahira su karɓe ka da rahama, su ba ka wurin da ba mai kiranka ya aike ka. Ina ta'aziyya ga matarka Tike, wadda doka ba ta ma yarda matarka ce ba, da duk waɗanda ke cikin gidan har yanzu.

Jiya na ga Helfis a bakin famfo, tana tari. Ta ce an sayo sabon likita, ya duba ta a gaban maigida. Na ce, “To, me ya ce?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya, mutumin kirki ne, ba ya ƙarya. Ya ce kwana biyar zan warke.”