Ranar da na gyara wa Bature labarinsa

Littafin na Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekara da shekaru yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya ya koma Gella. Gajerun labarai ne na ban tsoro, na wani Bature da ya mutu tun kakanninmu ba su san mota ba. Tun ina sakandare nake satar littafin in karanta, kuma har yau ban ga wanda ya kai mutumin nan iya tayar da tsikar jiki ba. Ba ya nuna maka dodo. Sai ya haɗa ka da mutum mai cikakken hankali, kana kallo abu yana cin sa a hankali.

Akwai labarin matar da inuwarta ke riga ta isa gida. Akwai na maigadin da kullum in ya ƙirga ƙofofin gidan sai ya tarar ɗaya ta ƙaru. Amma wanda ni da Kawu muka fi so shi ne na mai haƙar rijiya. Yana can ƙasa yana sara, sai ya ji wani ma yana sara daga ƙarƙashinsa, yana tahowa sama. Ya ji sarai, amma ya ci gaba da haƙa don garinsu ba ruwa. Daga ƙarshe mutanen da ke bakin rijiya suka ja igiya, ta taho sakayau ba kowa, labari ya ƙare. Na sha jin haushin wannan ƙarshe, na kuma sha komawa in sake karantawa.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, idonsa ma ya daina ganin rubutu, sai na riƙa shiga motar Gella daga Mubi kowace Asabar ina karanta masa da rana a gindin mangwaro. Ni na raka shi asibiti, ni kuma likita ya ja gefe ya gaya wa cewa ciwon ya riga ya ci jiki, sai dai a lallaɓa. A gida muka haɗa baki kada ya ji. Haka muka taso, ba a gaya wa majinyaci irin wannan magana. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Malam, ai jiki ya yi kyau," matarsa ta amsa, "Da sauƙi sosai," shi kuwa ya ce an gode Allah.

Wata Asabar sai ya ce in karanta masa na rijiya. Na karanta tiryan-tiryan har inda aka fara jan igiya. Na ɗaga kai na dube shi, ya rame har agogonsa na yawo a hannu, sai na kasa. Nan take na ƙirƙiro nawa ƙarshen da Turancina na malamar firamare: aka jawo mutumin da ransa, ruwa ya ɓulɓulo, gari ya ɗauki murna. Har ina yaba wa kaina wai na iya.

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"'Yar nan, wa ya aike ki? Mutum ya mutu ya bar abinsa lafiya lau, kin zo Gella kin yi masa kwaskwarima?"

"Kawu, na ga kamar..."

"Karanta abin da ya rubuta."

Na karanta masa yadda yake a rubuce.

"Yauwa," in ji shi. "Kin san abin da ya sa nake son mutumin nan? Bai taɓa raina ni ba. Ya san zan iya ɗauka. Amma a gidan nan kowa ya mai da ni yaro. Ke kika tsaya da likita. Me ya ce?"

Matarsa na ƙofar madafa tana tankaɗe, ta tsaya cak tana girgiza mini kai. Na ji tsoro, na kuma ji kunyar kaina ƙwarai. Na rufe littafin, na gaya masa duk abin da likita ya faɗa, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce in ɗauko wayarsa in kira masa wansa da ke Sorau, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan gonar gado.

"Kira shi yanzu," ya ce. "Da kun ƙara wata guda kuna ce mini da sauƙi, da na tafi ban nemi gafararsa ba."